Keke ya shigo gida: me za a fara ɗinkawa, kuma da wane awo?

Wata 'yar'uwa ta aiko da tambaya. An saya mata keken ɗinki na ƙafa, irin baƙin nan Butterfly, tana da ragowar atamfofi cike da akwati, kuma ba ta taɓa zama gaban tela ta koyi aiki ba. Tana so ta san abin da za ta iya ɗinka wa ɗakinta da jikinta ba tare da ta yi asarar yadi ba. Ta ce ta gwada rigar filo sau ɗaya, ta fito a karkace, zare kuma ya cukurkuɗe a ƙasa.

Malama, ki ajiye zancen riga mai hannu da wuya tukuna. Duk abin da za ki fara da shi ya zama ɗinki ne miƙaƙƙe: rigar filo, siket mai roba, zanen gado mai kama katifa, labule. Waɗannan huɗun ba su buƙatar zif, ba su buƙatar gam, ba su buƙatar yankan hammata. Abin da suke buƙata shi ne yadi ya miƙe kafin almakashi ya taɓa shi, kuma a nan ne rigar filonki ta samu matsala, ba a kan keke ba.

Ki fara sanin abin da ke cikin akwatin nan. Ba kowace atamfa ce auduga ba. Da yawa daga cikin masu araha roba ce ko gauraye. Ki yanki ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa, ki riƙe shi da cokali mai yatsu a kan faranti, ki kanga masa ashana. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, warinta ma na takarda ne, ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa. Roba narkewa take, ta dunƙule ta bar baƙin ƙullutu mai tauri. Mai robar ki bar ta don labule da jaka. Kada ki yi zanen gado ko rigar filo da ita, don a zafin watan Afrilu ba ta shan gumi, mutum zai kwana yana juyi.

Kowace atamfar auduga ki wanke ta kafin ki yanka. Sabuwa tana zuwa da sitati na kamfani, kuma wankin farko yana sa ta ɗan tsuke. Idan kin ɗinka kafin wanki, zanen gadon da ya zauna daidai yau gobe ba zai rufe kusurwa ba. Takardar kamfani da ke manne a jiki kada ki ɓamɓare ta da farce: ki ɗora dutsen guga mai ɗumi ta bayan yadin na ɗan lokaci, gam ɗin zai saki, ta ɗago gaba ɗaya. A wankin nan ne kuma za ki gane mai zuba. Ki jefa ɗan farin ƙyalle cikin ruwan; idan ya rine, wannan atamfar ba za a haɗa ta da mai haske a aiki ɗaya ba. Bayan ta bushe ki goge ta sumul. Yadin da ya yamutse ƙarya yake yi wa tef.

Sai miƙar da baki. Inda mai shago ya yanka da almakashi da wuya ya zama daidai. Ki ɗan tsaga gefen da inci ɗaya daga bakin, ki kama da hannu biyu ki yage da ƙarfi lokaci guda. Auduga tana yagewa ne a kan zare ɗaya, don haka bakin zai fito a miƙe. Daga wannan bakin za ki fara kowane awo. Wani lokaci za ki tarar zanen da aka buga bai bi zaren yadin ba, ya ɗan kauce. Idan labule ne, ki bi zanen, tunda shi ido yake gani. Idan rigar filo ce ko zanen gado, ki bi zaren, tunda shi wanki yake bi.

Lissafin da za ki riƙe a ka kaɗan ne. Yadi ɗaya inci 36 ne. Turmin atamfa yadi shida ne, wato inci 216, faɗinsa kuma wajen inci 45. Duk da haka ki sa tef ki auna naki, don wani turmin ba ya cika.

Yanzu keken. Cukurkuɗewar zare a ƙasan yadi tana sa mutum ya yi ta taɓa kwarkwaro da gidansa, wanda wasu teloli ke cewa rila da shatil, alhali kusan kullum laifin zaren sama ne. Ko dai an zura zaren alhali ƙafar da ke danne yadi tana ƙasa, sai bai shiga tsakanin faya-fayan nan biyu masu matse shi ba, ko kuma an tsallake ƙarfen nan mai hawa da sauka. Ki zare shi duka, ki ɗaga ƙafar, ki sake zurawa daga farko. Kafin ki taka, ki ja zaren sama da na ƙasa wajen inci huɗu zuwa baya, ki danne su da yatsa har allura ta shiga sau uku. Allurar keken gida tana da gefe ɗaya a shafe, ɗaya gefen kuma yana da dogon tsagi. Tsagin shi ke fuskantar inda zare yake shigowa. A irin kekenki tsagin yana hagu, shafaffen gefen yana dama, zare ya shiga daga hagu ya fita dama. Idan kika juya ta, ko ba ki tura ta har ƙarshe ba kafin ki ɗaure, keke zai riƙa tsallake ɗinki. Lamba 14 ita ce ta atamfa, 11 ta yadi mai santsi marar kauri, 16 ta yadin labule mai nauyi ko inda ninki ya yi yawa. Ki saita tsawon ɗinki ya zama guda 10 zuwa 12 a cikin inci ɗaya. Ki gwada a ƙyalle ki ƙirga da tef.

Abu biyu kuma na masu keken ƙafa. Wilin hannu kullum wajenki yake juyowa. Da ya koma baya ko da rabin juyi ne, zare zai tsinke. Ki cire zare da allura ki zauna kina takawa kawai, ki tsaya, ki sake tashi, har ƙafarki ta saba tayar da shi ba tare da ya juya baya ba. Na biyu, kada ki ja yadi ta baya. Haƙoran da ke ƙarƙashi su ke tafiyar da shi, hannunki saiti kawai yake yi. Ja shi ke lanƙwasa allura ta daki farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin yadi ta karye. Ki manna salatif a kan farantin, rabin inci daga allura, ki riƙa bin bakinsa da bakin yadi, idonki a kan salatif ba a kan allura ba. Mai kuwa na keke kaɗai za ki sa, ɗigo ɗaya a kowane rami. Man gyaɗa daskarewa yake ya zama danƙo, musamman idan ya haɗu da ƙurar hunturu.

To, a koma kan rigar filo, a yi ta yadda ya kamata. A ce filonki inci 18 ne a faɗi, 28 a tsawo. Ki yanki ƙyalle ɗaya dogo, faɗi inci 21, tsawo 67. Ga inda 67 ta fito: gaba 29, baya 29, marfin da zai shige ciki ya riƙe filon 7, kalmasar bakuna biyu 2. Tunda faɗin atamfa 45 ne, ƙyalle biyu za su fita kafaɗa da kafaɗa, wato yadi biyu rigar filo biyu. Ki kalmashe gajerun bakunan: ninka rabin inci, goge, sake ninka rabin inci, goge, sannan ki bi da ɗinki kusa da bakin ninkin. Gugar nan kada ki tsallake ta. Kalmasar da aka ninka da yatsa ana cikin tafiya ita ce take murɗewa kamar igiya. Daga nan ki ninka inci 7 na baki ɗaya zuwa bayan yadi ki goge, wannan shi ne marfin. Sai ki ninka sauran gida biyu, fuskar atamfa tana waje, ɗaya bakin ya zo daidai da ninkin marfi. Yanzu tana gabanki kamar an gama ta, gefe biyu ne kawai a buɗe.

Baƙin keke ba ya zigizag, ba ya wibin, wato ɗinkin da ke naɗe bakin yadi, don haka gezar yadi za ta riƙa warwarewa a wanki idan an bar ta haka. Maganin shi ne ɗinki biyu mai ɓoye geza. Ki ɗinke gefen biyu ta waje, kwatan inci daga baki. Ki rage gezar da almakashi ta koma rabin haka. Ki juya rigar ciki ya dawo waje, ki tura kusurwoyi da bakin fensir, ki goge ɗinkin ya zauna a kan ƙarshen ninki sosai, sannan ki sake bi da ɗinki ɗan fiye da kwatan inci. Da kin sake juyawa, gezar ta shige cikin ɗinkin, ba a ganinta ta ko'ina. Idan kika ga gashin zare yana leƙowa ta fuska, ɗinki na biyu ya yi siriri ko ba ki rage gezar ba. Ki ƙware a wannan ɗinkin, don shi zai raba ki da zuwa wajen mai wibin a kan kowane ɗan aiki. A bakin rigar, inda hannu yake yawan ja, ki yi gaba da baya sau biyu.

Siket mai roba shi ne abu na farko da za ki sa a jiki. Awo uku ne: ƙugu, mazaunai a inda suka fi faɗi, da tsawo daga ƙugu zuwa inda kike so ya tsaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne yanka faɗin yadi da awon ƙugu. Siket ɗin ta mazaunai zai wuce kafin ya kai ƙugu, don haka da su ake lissafi. Ki ninka awonsu sau ɗaya da rabi: mai inci 42 za ta yanki 63, yadi biyu sun isa har da saura. Atamfa tana da tauri, idan kika wuce haka tattarar za ta yi tudu a ciki. Idan kuma kika rage ƙasa da wajen inci 56 a dogon siket mai kai idon sawu, taku zai matse, sai kin bar tsaga a baya. Kamar yadda ake ɗaura zani, faɗin atamfar shi ne tsawon siket, sai ɗinkin haɗi ya zama ɗaya tak, ki ajiye shi a baya. A kan tsawon da kika auna ki ƙara inci ɗaya da kwata uku don ƙubaka, da inci ɗaya da rabi don kalmasar ƙasa.

Ki haɗa gefen da ɗinkin nan mai ɓoye geza. A sama ki ninka rabin inci ki goge, ki sake ninka inci ɗaya da kwata, ki ɗinke zagaye ki bar ƙofa ta inci biyu. Wannan ƙubakar ta roba mai faɗin inci ɗaya ce. Kwatan da ya ƙaru shi ke ba ta wurin motsi. Tsawon robar kada ki dogara da lissafi kawai, don wata ta fi wata ƙarfi: ki zagaya ta a ƙugunki yadda za ta kama ba ta shaƙe ba, yawanci ƙasa da awon ƙugu da inci biyu zuwa uku, ki ƙara inci ɗaya na haɗi. Ki maƙala babban fil mai kulle a baki ɗaya ki zura, ɗaya bakin kuma ki kafe shi a jikin yadi da wani fil ɗin, in ba haka ba zai shige ciki ki sake daga farko. Kafin ki haɗa bakunan ki shafa zagaye da yatsa ki tabbata ba ta murɗe ba. Ki ɗora baki kan baki, ki ɗinke shi siffar akwati, ki rufe ƙofar. Daga ƙarshe ki raba tattarar daidai, ki yi gajeren ɗinki a tsaye ya ratsa roba da yadi a baya da gefe biyu. Wannan ɗan ɗinkin shi ke hana roba naɗewa cikin ƙubaka bayan wanki uku.

Zanen gado mai kama katifa ya fi su lissafi, amma ɗinkinsa duk miƙaƙƙe ne, kuma shi ya fi biyan wahala a gidan da yara ke tsalle a gado. Ki auna katifar da kanki, tsawo da faɗi da kauri, kada ki tsaya kan sunan da ake kiranta da shi a kasuwa. Wadda ake cewa ƙafa shida sau da yawa inci 75 ce. A ɗauki mai tsawon 75, faɗi 54, kauri 8. Kowane gefe yana buƙatar kaurin katifa da ƙarin inci 5 na shigewa ƙasa da ƙubaka, wato 13. Tsawo ya zama 75 da 26, inci 101. Faɗi 54 da 26, inci 80. Atamfa ɗaya ba ta kai 80 a faɗi, sai an haɗa. Ki yanki tsawon 101 sau biyu, inci 202 ke nan, turmi ɗaya ya ɗauke. Kada ki haɗa su a tsakiya, don ɗinkin zai faɗo daidai inda baya yake kwanciya. Ki bar ɗaya cikakke a tsakiya bayan kin yanke bakunan masaƙa, wato saƙaƙƙun gefuna biyun da yadi ke zuwa da su daga kamfani, ɗayan ki fitar da dogaye biyu masu faɗin inci 19 da rabi, ki haɗa su hagu da dama. Ta haka ɗinkin zai koma kusa da bakin katifa. Bayan kin haɗa, ki rage geza ɗaya, ki naɗe ɗayar a kanta, ki kwantar ki bi da ɗinki na biyu, irin wanda kike gani a gefen wandon jins. Ba ya tudu kuma ba ya ɓarkewa. Ki sake aunawa ki daidaita faɗin ya zama 80.

A kowace kusurwa ki zana murabba'i 13 da 13 da alli ki yanke shi. Bakuna biyun da suka bayyana ki haɗa su ki ɗinke, kusurwar ta tashi kamar ta akwati. Kafin ki ci gaba ki ɗora shi a kan katifar ki gani. Gyara a nan sauƙi ne, bayan an sa roba kuwa warwara ce. Sai ki kalmashe zagaye duka, kwatan inci sannan kwata uku, amma ki bar ƙananan ƙofofi inci 10 kafin kowace kusurwa da inci 10 bayanta. Ki zura siririyar roba mai tsawon inci 12 ta wannan tazarar ta inci 20, ki kafe bakunanta da ɗinki gaba da baya, ki rufe. Inci 48 na roba ya isa kusurwa huɗu. Idan zanen yana suɓucewa da dare, abin da ya shige ƙasa ne ya yi kaɗan, galibi saboda an manta da kaurin katifa ko ba a wanke yadin ba tun farko. Idan katifarki mai faɗin 72 ce, atamfa za ta ci ƙyalle uku, gara ki nemi yadin zanen gado mai faɗi a Kantin Kwari ko kasuwar garinku, ki sa a auna miki faɗinsa a gabanki kafin a yanka.

Labule ba shi da wuya, ƙanƙanta yadi ne ke kashe shi. Faɗinsa ya zama ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na tsawon sandar, ba na tagar ba. Wanda aka yanka daidai da taga kamar an shanya zani yake fitowa. Ga sanda mai kaurin inci ɗaya ki yi mata ƙubaka ta inci uku. Ki yanke bakin masaƙa kafin ki kalmashe gefe, don saƙarsa ta fi ta sauran yadin tsauri, shi ke sa gefen labule ya tattare ya ɗage. Ƙasan kuwa kada ki ɗinke shi ranar. Ki rataye shi ya kwana, yadin ya saki, sannan ki sa fil a inda kike so ya tsaya, ki sauke ki yi kalmasa mai faɗin inci uku ninki biyu, nauyinta shi zai sa ya zuba a miƙe. Tagar da rana take duka tana cinye launin atamfa, ki sa mata shafi na farin yadi ta baya.

Murabba'an nan huɗu da kika cire daga zanen gado kada ki zubar. Idan kika haɗa su biyu-biyu sannan kika haɗa layukan, za su ba ki fuskar babban matashin zama mai inci 25 wanda ya dace da gadon. Sirrin haɗuwar kusurwoyinsu a tsakiya shi ne ki goge gezar layi ɗaya zuwa dama, ta ɗayan zuwa hagu, sai su shige juna, ki soka fil a daidai mahaɗar kafin ki taka. Cikinsa ki cusa ƙananan ƙyallayen da ba su da wani amfani, amma ki yayyanka su ƙanana tukuna, in ba haka ba zai yi ƙulli-ƙulli. Ko kuma ki yi abin sauke tukunya da su: ƙyalle biyu, tsohon tawul ninki biyu a tsakiya, ki bi da layukan ɗinki tazarar inci ɗaya da allura lamba 16. A nan gwajin ashana ya zama dole, kuma kada ki sa soso ko wani abu mai roba a ciki, don zafin tukunya zai narkar da shi a tafin hannu. Siririn ƙyallen da ya rage daga tsawon zanen gadon, mai faɗin wajen inci biyar, ki yi ribom na ɗaure gashi da shi: ki yanka shi inci 18-18, ki ninka a tsawo ki ɗinke ki juya, ki zura roba inci 8 ki ɗaure, ki haɗa bakunan da allurar hannu. Ribom biyar za su fita a ciki na 'yan matan gidan.